Fuska Ba Suna

A gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a Paris a 2006, akwai hotunan zamanin mulkin mallaka da ƙabila kaɗai aka rubuta ƙarƙashinsu, ba suna. To, hoton na wa ne: na mai ɗauka, ko na wanda aka tsayar gaban na'ura? Baƙo zai yaba haske da tsari. Amma dattijon Tibiri, inda Gobirawa suka sake kafa sarauta bayan yaƙin Gawakuke na 1836, tsagar fuska da naɗin rawani zai duba, wataƙila har ya gane zuriyar mutumin. Hotunan hawan salla na yau kuwa, an san masu su, sai dai sukan ɓace tare da wayar da ta ɗauke su.