Kyan Baturiya: Na Mai Kallo Ne Ko Na Mai Wurin?

Mai karatu, a wannan watan na ajiye sharhin fim a gefe. Wata tambaya ce ta hana ni sakat tun da na dawo daga Haɗeja, kuma na ga gara mu kasa ta a faifai tare.

A lokacin hunturu ne muka je Baturiya, ni da wani abokina mai ɗaukar hoto. Wanda bai san wurin ba, dausayi ne a ƙaramar hukumar Kiri Kasamma ta Jihar Jigawa, cikin fadamar nan da ta miƙe daga Haɗeja har Nguru. A 2008 aka sa shi cikin jerin dausayoyin da duniya ta amince da muhimmancinsu a ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a 2020 kuma Gwamnatin Tarayya ta sanar da shi cikin wurare goma da aka amince su zama sababbin gandun daji na ƙasa. Da sanyin safiya muka shiga kwale-kwale. Ga kirinjijiya garke-garke, ga dinya, ga zalɓe tsaye da ƙafa ɗaya kamar mai gadi, ga wasu tsuntsayen da suka tsallako Sahara daga Turai gudun sanyi. Wallahi gani ya kori ji.

Can sai muka iso wani wuri da doguwar ciyawa ta yi kore shar, iya ganinka, iska tana kaɗa ta. Abokina ya ce da dattijon da ke tuƙa mu, "Baba, don Allah tsaya nan. Kai, wannan wuri da kyau yake!" Dattijon ya kafa sandarsa, ya bari aka gama ɗauka, sannan ya ce, "Yaro, nan da kake ɗauka, gonar shinkafar mahaifina ce. Kacalla ce ta cinye ta."

Daga nan ne tambayata ta taso. Shin ya dace mutum ya ji daɗin kallon abin da shi ne baƙin cikin wani?

Bari in gaya maka yadda kacallar ta zo, domin a nan maganar ta shafe mu mu 'yan kallon fim. A da, Kogin Haɗeja yakan cika da damina ya malala cikin fadama, da rani ya ja baya. Masunta su kama tarwaɗa da karfasa, manoma su bi ruwan da shuka yayin da yake janyewa, Fulani su shigo da shanu bayan girbi. Sai aka gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992. Ambaliyar damina ta ragu, aka koma sakin ruwa da rani saboda noman rani da ruwan sha. Kogin da ya saba bushewa ya daina bushewa a wurare da dama, laka ta taru, kacalla ta samu gindin zama. Ta toshe hanyoyin ruwa, wasu gonakin suka nutse, wasu kuma ruwan ya daina isa gare su. Cikinta ne kuma jan-baki ke kwana, ya fito ya auka wa hatsin mutane.

To yanzu ka tuna waƙoƙin finafinanmu nawa ka gani an ɗauka a bakin Tiga. Jarumi da jaruma suna juyi, ruwa shimfiɗe a bayansu. Ruwan nan da ya ƙawata mana hoto, shi ne wanda aka tsare wa mutanen Haɗeja da Guri da Nguru. Ba laifin darakta ba ne, amma abin lura ne. Duk wanda ya san aikin kyamara ya san cewa abin da aka bari a wajen hoto yakan fi abin da ke ciki yawa. Ɗan yawon buɗe ido ma darakta ne, idonsa ne kyamararsa: ya ɗauki tsuntsu, ya yanke masunci.

Wani zai ce, "Haba malam, kallo kawai na je yi, ban ɗauki komai ba." Gaskiya ne, kuma ba na cikin masu cewa kallon halitta ɓata lokaci ne. Tafiya mabuɗin ilimi ce, kuma duban halittar Ubangiji yana ƙara wa mutum imani. Ƙari a kan haka, wurin da ba mai zuwa kallonsa, ba mai kare shi. Da ba don masu son tsuntsaye ba, da wuya duniya ta san da wannan fadama. Sha'awar tsuntsaye ce ta kawo Yarima Philip na Ingila Dagona a 1989, kuma irin wannan ziyara tana sa hukuma ta waiwayi wuri.

Amma fa na shiga ban ɗauka ba, ba ta fid da ɓarawo. Kallonmu yana da nauyi, domin abin da masu kallo ke so shi ake tanadar musu. Idan abin da muke nema shi ne daji wayam ba mutum, to wata rana za a ba mu shi, ta hanyar korar mutanen. An yi haka a wasu wurare. Yellowstone ta Amurka, wadda aka kafa a 1872, ita ce gandun daji na ƙasa na farko a duniya, kuma sai da aka hana Indiyawan daji, 'yan asalin yankin, farauta da zama a cikinta. Yankari tamu, da aka keɓe a 1956, tana da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, amma fadamar Haɗeja ba Yankari ba ce. A nan mutum da tsuntsu a kwano ɗaya suke ci. Mai yankan kaba da mai su da mai kiwo sun riga kowace hukuma zuwa.

Ba kuma ina cewa duk abin da ɗan wuri ya yi daidai ne ba. Mai sare itatuwa ya loda mota, da mai kama tsuntsaye ya kai kasuwa, da mai su da koma mai ƙananan idanu da ba ta barin 'ya'yan kifi, su ma suna cin haƙƙin jikokinsu. Doka tana da amfani. Abin tambaya shi ne da wa aka zauna aka yi ta, kuma wa zai ci moriyarta.

Inda na tsaya shi ne, kallo halal ne, amma ba kyauta ba ne. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Idan ka je Baturiya, ka fara gaida mutanen gari kafin ka gaida tsuntsaye. Ka ɗauki ɗan wurin ya zaga da kai, ka biya shi ba tare da jan ciniki ba. Ka nemi izini kafin ka ɗauki hoton mutum. Ka sayi kifinka a Haɗeja. Sannan ka tambayi sunan abin da kake kallo, kada ka yaba wa kacalla a gaban wanda ta cinye wa gona.

Ku kuma 'yan'uwana masu shirya fim, kun gaji da labarin Alhaji da matansa a falo? Ga labari nan kwance: saurayi ya samu aikin gadin gandun daji, ranar farko aka tura shi ya kama masu su a wurin da aka hana, ya tarar mahaifin budurwarsa ne a cikin kwale-kwalen. Ba sai kun aro daga Indiya ba.

Da muka sauka, abokina ya nuna wa dattijon hoton a kyamara. Ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Ashe haka take da kyau." Ya miƙo mana kyamarar, ya koma ya ɗaure kwale-kwalensa. Har yau hoton yana wayata, ban goge ba, ban kuma tura wa kowa ba.

Sai wani watan, in Allah ya kai mu.