ƘIBA, SUKARI DA SANKARAR MAMA: NASIHA GA MATASAN ZANGO

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci ɗan Adam, Ya ba shi jiki a matsayin amana. Tsira da amincin Allah su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu (S.A.W.) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, ya 'yan'uwa matasan zango, na nan Annandale da kewayenta a jihar Bajiniya ta Amurka, da na gida a Nima da Mamobi da Kumasi. Nasiharmu ta wannan fitowa ta shafi iyayenmu mata da yayyenmu, ta kuma shafe mu, domin abin da mutum ya saba wa cikinsa yana ɗan shekara 20 shi zai biyo shi har shekara 50.

Dukkanmu mun san al'adarmu. Idan amarya ta yi wata shida a ɗakin miji ta cika ta batse, sai a ce aure ya karɓe ta. Idan Hajiya ta je gida hutu daga Amurka da jiki, sai a ce hutu ya zauna. Wadda ta rame kuwa, ita ake tambaya ko lafiya. To, likitoci sun yi bincike mai zurfi a kan wannan ƙiba da muke yabo, kuma wajibi ne mu san abin da suka gano.

BAKIN ƘOFAR CIWON SUKARI

Duk abin da muka ci na tuwo da shinkafa da burodi yana narkewa ya zama sukari a cikin jini. Allah Ya sanya wani sinadari a jiki mai suna insulin, wanda aikinsa shi ne shigar da sukarin cikin tsoka domin ya zama ƙarfi. Idan kitse ya yi yawa, musamman na tumbi, sai jiki ya rage jin maganar insulin. Daga nan sai ya dinga ƙara samar da shi, amma duk da haka sukarin jini yana ta hawa a hankali.

Akwai wani mataki da sukari ya wuce na mai lafiya, amma bai kai na mai ciwon sukari ba. Shi ne muke kira bakin ƙofar ciwon sukari. Idan an auna jinin mutum da safe kafin ya karya aka sami 100 zuwa 125, ko kuma gwajin A1C ya nuna 5.7 zuwa 6.4, to yana tsaye a wannan ƙofa. Hukumar CDC mai yaƙi da cututtuka a Amurka ta ce fiye da mutum 1 cikin kowane 3 na manyan ƙasar nan suna wannan mataki, kuma kimanin 8 cikin 10 daga cikinsu ba su sani ba, saboda yawanci ba ya zuwa da zafi ko wata alama.

INA ALAƘARSA DA SANKARA?

Larabawa suna kiran sankara "saraɗan", wato ƙaguwa, kuma asalinta ƙwayoyin halitta ne da suke hayayyafa ba bisa ƙa'ida ba. A shekarar 2016, cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya da ke birnin Lyon a Faransa ta tabbatar da cewa yawan kitse yana ƙara haɗarin kamuwa da sankara iri 13. A cikinsu akwai sankarar mama da take kama mata bayan jinin al'ada ya ɗauke musu.

Bayanin haka shi ne, idan mace ta daina al'ada, yawancin sinadarin mata mai suna istirojin da ya rage a jikinta kitse ne yake samar da shi. Yawan kitse yana kawo yawan istirojin, kuma mafi yawan sankarar mama da wannan sinadari take girma. Hanya ta biyu ita ce ta insulin da muka ambata, domin idan ya yi yawa a jini yana zuga ƙwayoyin halitta su yi ta rabuwa. Shi ya sa bincike ya nuna cewa matan da ke da ciwon sukari irin na manya sun fi sauran mata haɗarin wannan sankara da kimanin kashi 20 cikin 100. Ashe ƙiba da hawan sukari da sankara igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Lamarin ba ƙarami ba ne. A shekarar 2022, mata kusan miliyan 2.3 aka gano suna da sankarar mama a duniya, kimanin 670,000 kuma suka rasu. A nan Amurka, mace 1 cikin 8 za ta gamu da ita a rayuwarta, kuma baƙar fata sun fi farare mutuwa da ita da kusan kashi 40 cikin 100.

Amma a kiyaye. Akwai siraran mata da suke kamuwa, akwai masu jiki da suke tsufa lafiya lau, domin gado da shekaru su ma suna da nasu rabo. Haramun ne a nuna mara lafiya da yatsa a ce ita ta jawo wa kanta, haka nan yi wa mai jiki izgili ya saɓa wa hanin da ya zo a Suratul Hujurati. Cuta jarrabawa ce, kuma kaffara ce ga mumini mai haƙuri.

ABIN DA ADDINI YA RIGA YA KOYAR

Allah (S.W.T.) Ya halatta mana ci da sha a Suratul A'arafi aya ta 31, a nan take kuma Ya hana israfi. Ma'anar israfi a Larabci ita ce ƙetare iyaka, ko da a cikin halal ne. Imam Tirmizi ya ruwaito daga Miƙdamu ɗan Ma'adikarib (R.A.) cewa Manzon Allah (S.A.W.) ya yi gargaɗi game da cika ciki, ya kuma shiryar da mu mu raba shi uku tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Bukhari ya ruwaito yadda ya tunatar da Abdullahi ɗan Amru (R.A.) cewa jikinsa yana da haƙƙi a kansa. Abu Dawuda kuma ya kawo labarin tseren gudu da ya yi da Nana A'isha (R.A.) har sau biyu. To, wa ya ce motsa jiki abin kunya ne ga 'ya mace Musulma?

Mu dubi rayuwarmu a Annandale. A zango ƙafa ce motar kowa, daga gida zuwa kasuwa zuwa makaranta. A nan kuwa daga kujerar mota sai kujerar ɗaki. Iyayenmu mata da yawa suna aikin dare na kula da tsofaffi, su dawo a gajiye, su ci abin da ya samu su kwanta. A wajen suna da walima, farantin wake da shinkafa kamar tudu, ga ƙosai da masa, ga soɓo da aka zuba wa sukari ba awo. Gwangwanin lemo guda ɗaya yana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 10. Ko a watan Ramadan, wasu da ƙarin nauyi suke fita.

ƘOFAR TANA RUFUWA

Albishir shi ne wanda yake bakin ƙofa yana iya juyawa. Cibiyar binciken lafiya ta ƙasa, NIH, da ke Bethesda a ƙetaren kogin Potomac, ta ɗauki nauyin wani bincike a kan mutum 3,234 masu wannan mataki, aka bayyana sakamakonsa a 2002. An nemi wasunsu su rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su kuma motsa jiki minti 150 a mako. Haɗarin ciwon sukari ya ragu a wajensu da kashi 58 cikin 100, alhali masu shan ƙwayar metformin kashi 31 suka samu. Mai nauyin kilo 90, kilo 6 da ɗoriya kaɗai ake nema ta sauke. Wani bincike na 2019 a kan mata fiye da 180,000 masu shekara 50 zuwa sama ya nuna cewa waɗanda suka rage nauyi suka kuma riƙe hakan, haɗarin sankarar mama ya ragu gare su.

Saboda haka ga abin da muke kira gare shi:

1. Ɗan'uwa, kai mahaifiyarka a auna mata sukari. Shawarar masana a Amurka ita ce duk mai ƙiba daga shekara 35 zuwa 70 ya yi wannan gwaji. Kai ne ka iya Turanci da cike takardu, wannan ma biyayya ce ga iyaye.

2. Mace daga shekara 40 zuwa 74 ta yi hoton mama na mamogiram duk bayan shekara biyu, kamar yadda shawarar 2024 ta nuna. Ga asibitin Inova Fairfax a kan titin Gallows, ga cibiyar sankara ta Inova Schar da aka buɗe kusa da shi a 2019. Ma'aikatar lafiya ta Bajiniya tana da shirin Every Woman's Life, mai yin gwaji kyauta ga matan da ba su da inshora idan sun cika sharuɗɗa.

3. Minti 30 na tafiya da sauri, kwana biyar a mako, shi ne minti 150 ɗin. 'Yan'uwa mata su haɗa kai su zaga Mason District Park ko Wakefield Park da hijabinsu.

4. A rage malmala, a ƙara ganye da wake, a sa ruwa a gurbin lemo. Azumin Litinin da Alhamis sunna ce, amma mai shan maganin sukari ya tuntuɓi likita tukuna.

5. A kula da shayarwa. Suratul Baƙara aya ta 233 ta ambaci shekara biyu, bincike kuma ya nuna kowane wata 12 na shayarwa yana rage haɗarin da kusan kashi 4 cikin 100.

Daga ƙarshe, maganar kunya. Likitoci a Gana sun daɗe suna kokawa cewa mata da yawa ba sa isa Korle Bu ko Komfo Anokye sai cuta ta yi nisa, bayan an ɓoye ƙullutu wata da watanni ana shafa magani a ɗaki. Kunya tana cikin imani, amma malaman fiƙihu sun halatta nuna wa likita wurin ciwo saboda lalura, kuma kina iya neman mace ta duba ki. Yawancin ƙullutu ba sankara ba ne, wadda aka gano da wuri kuma tana jin magani da iznin Allah. Ajali yana hannun Allah, mu kuwa riƙo da sababi aka umurce mu da shi, kuma a kansa za a tambaye mu.

Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya jiƙan waɗanda suka riga mu, Ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.