Makullin Da Ya Lashe, Da Haƙƙin Mutanen Gida

Akwai wata tambaya da ta kamata masu tsofaffin motoci su yi wa kansu. In gidan makullin mota ya lalace har kowane makulli yana buɗe shi, amma mai motar yana zaune cikin mutanen kirki, shin gyara shi wajibi ne, ko kuwa nuna rashin yarda ne ga jama'a?

A Gyadi-Gyadi da Tarauni, inda makanikai suka yi layi a bakin titin Zariya, akan ga tsohuwar Peugeot 504, wadda ake kira Fijo. A Faransa aka fara ƙera ta a 1968, sa'an nan masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975 ta yi shekaru tana harhaɗa ta. Inji yakan yi ƙarko, amma makulli ba ya jure shekara arba'in. A cikin gidansa akwai waɗansu 'yan faifai na tagulla, kowanne da ɗan sifirin a bayansa. In makullin gaskiya ya shiga, haƙoransa su jera faifan nan daidai, sai ya juya. Yau da gobe haƙora su lashe, faifai su side, har a kai ga makullin wata mota, ko ma bakin sukudireba, ya buɗe ƙofa ya ta da inji. Tarin makullai masu nauyi da akan rataya yana gaggauta lalacewar, haka kuma man da akan ɗura, gama yana kama ƙurar hunturu ya zama kamar yashi. Garin bakin fensir ya fi.

To, mai mota yakan ce, "Ai unguwarmu ba ɓarawo, kuɗin gyara kuwa ya fi amfani a cefane." Maganarsa da ƙanshin gaskiya, amma ya manta da abu guda. Ranar da rediyo ko taya ta ɓace, ba wanda zai ce ɓarawon nesa ne. Idanu sai su koma kan yaron da ke wanke motar, da direba, da yaron makaniki, da almajirin da ke kwana a soro. In makulli ɗaya ne tak ke buɗe ta, wanda bai riƙe shi ba ya kuɓuta. In kuwa kowane ƙarfe yana buɗewa, kowa ya shiga zargi, ba kuwa yadda zai wanke kansa. Hausawa sun ce zato zunubi ne. Wanda ya bar ƙofarsa haka, shi ya share wa zaton hanya, talakan da ba shi da mai tsaya masa shi zai ɗauki nauyin. Har wa yau, yaro mai ƙarancin hankali da ya san motar na tashi da kowane makulli, an ajiye masa jarraba a gabansa kullum.

Shi ma mai gyara yana da tasa amanar, watau hannun da ya iya gyara makulli ya iya buɗe na kowa. Ya kamata ya nemi ganin takardun mota kafin ya yanka wa baƙo sabo, ko da baƙon zai ji haushi. Kada kuma ya kwafi tsohon makulli yadda yake, domin lashewar za ta bi sabon. Gwani sai ya kwance gidan, ya wanke, ya sauya faifan da suka side, in ta kama ya je Ƙofar Ruwa ya nemo na wata matacciyar mota, sa'an nan ya gyara haƙora da magagari. Kafin ya karɓi ladansa, ya gwada makullin wata motar a gaban mai ita, ya nuna masa ya ƙi juyawa.