Harajin Kowa, Ilimin Ɗan Wani

A ƙasar Amurka akwai wata jiha da a ke kira Iowa. Ƙasa ce shimfiɗaɗɗiya ta manoman masara, inda iska ba ta cika kwantawa ba. An kakkafa dogayen turaku na ƙarfe a gonakinsu, waɗansu tsawonsu ya kai mita 80, kowanne da farfela mai fukafukai uku a bisa. Iska ta kan juya farfela, farfela ta juya inji, inji kuwa ya ba da wutar lantarki. A shekarar 2020 fiye da rabin wutar da aka samar a jihar daga iska ta fito.

Amma inji, kome ingancinsa, ba ya gyara kansa. Tilas a sami wanda zai hau can ƙololuwa, ya zuba mai, ya ɗaure ƙusa, ya duba waya. Saboda haka a 2004 kwalejin Iowa Lakes, a garin Estherville, ta fara koya wa matasa wannan sana'a cikin shekara biyu. Irin wannan makaranta ita a ke kira kwalejin jama'a, domin tana kusa da gida, kuɗin shigarta kuwa da sauƙi. Abin da ke riƙe da ita ta hanya uku ya ke zuwa: baitulmalin jiha, harajin gidaje da gonaki, da abin da ɗalibai ke biya.

A nan gardama ta ke. Waɗansu sun ce, ina adalci a karɓi haraji hannun tsohuwa wadda ba ta da ɗa ko jika, a koya wa ɗan wani sana'ar da shi zai ci albashinta? Suka ƙara da cewa injunan na kamfanoni ne, su ke kwasar riba, don haka su ya kamata su horar da ma'aikatansu. Wannan magana ba ta banza ba ce, gama haraji gumin talaka ne, wanda ya taɓa shi kuwa sai ya kawo hujja.

To, amma a duba. Kamfani ya kan koya wa yaronsa injin da ya mallaka kaɗai, ran da suka rabu, yaro ya tashi da guntun sani. Makaranta kuwa tushen aikin ta ke koyarwa, watau lissafi, da sha'anin lantarki, da yadda mutum zai tsare ransa a bisa, abin da zai amfane shi duk inda ya nufa. Sa'an nan kuma, in aka ce sai mai kuɗi zai koya, an rufe wa ɗan talaka ƙofa ke nan, alhali basira ba ta zaɓen gida.

Ita tsohuwar ma ba a bar ta hannu wofi ba. Fitilar ɗakinta da wannan wuta ta ke ci. Kamfanoni suna biyan haraji a kan injunan, ana gyara hanyoyi da makarantu da shi. Manomi yana karɓar kuɗin hayar filinsa. Saurayin da da zai gudu birni ya sami dalilin zama garinsu. Ungozomar da ke duba ta a asibiti ma, ai da gumin waɗansu aka koyar da ita. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Duk da haka, kuɗin jama'a amana ne, amana kuwa da sharuɗɗanta. Wajibi ne shugabannin makaranta su tabbata akwai aiki a ƙarshen karatu, su kuma bayyana wa jama'a yawan waɗanda suka gama da waɗanda suka sami aikin yi. Kamfanin da zai ɗauki yaran ya kawo nasa gudummawa, ko da na kayan koyo ne. Ɗalibi kuma ya san cewa kujerar da ya zauna a kai, waɗanda ba su san sunansa ba su suka saya. In ya yi wasa da karatu, ko ya yi ha'inci a bakin aiki, ya ci haƙƙin tsohuwar nan, shi da Allah. In kuwa ya riƙe gaskiya, ashe ba sadaka aka ba shi ba, bashi ne, yana kuma biya duk ran da ya hau turken nan wuta ta dawo.