Garma Ce, Ko Kwalliya?

A ce ɗanka da ke karatu a birni ya zo gida ya ce, "Baba, a sayar da bijimin nan a saya mini katin hoto na kwamfuta." Me za ka amsa masa?

Da farko ka san abin da yake roƙo. Katin hoto wani ƙaramin allo ne da ake sa wa cikin kwamfuta, shi ke zana abin da ido ke gani. Akwai mai araha, akwai mai tsada. A 2022 kamfanin Nvidia ya fito da RTX 4090 a kan dalar Amurka 1,599, wato wajen jika 1,000 na sefa. A 2025 kuma wani sabo ya fito ya sha gabansa. RTX 4090 ɗin kuwa ga shi da cin wuta, har wat 450. Amma yawancin kwamfutoci da nasu ƙaramin mai zana hoto suke zuwa, wanda ya isa rubutu da lissafi da aikin makaranta.

Tsada ba zunubi ba ce. Garmar shanu ma da tsada take, amma kowace damina tana biyan kanta. In yaron ya koyi zanen gine-gine ko haɗa bidiyo, har akwai masu ba shi aiki suna biya, katin nan garmarsa ce. In kuwa wasa ne kawai, ko don abokai su gani, kwalliya ce. Mai hankali ba ya taɓa rumbu domin kwalliya.

A Luka sura 14 Ubangiji Yesu ya yi misali da mai gini, wanda ya kamata ya zauna tukuna ya lissafta ko abin hannunsa zai kai shi ƙarshe. Kai ma ka zaunar da ɗanka, har da uwarsa, ku yi lissafi. Wata nawa katin zai yi kafin ya maido da kuɗinsa? Ƙarami ba zai yi aikin ba? In bijimin ya tafi, da me za a yi huɗa? Hatsi zai kai ku kaka?

Kada ka kore shi da faɗa, kada kuma kunya ta sa ka ci bashi. Bijimin nan amana ce daga Allah domin dukan gidan, har da ƙannensa da ba su iya roƙo ba tukuna.