Makullin da Ke Aljihuna, Ƙofar da Ba Tawa Ba

Ranar da na bar gidan rediyon da na fara aiki a Damagaram, na miƙa wa darakta makullin sutudiyo da na'urar ɗaukar murya, na sa hannu a takarda, muka yi sallama ba daɗi. Ina bin su albashin wata huɗu. Sai da na isa gida na tuna akwai wani makullin da babu wanda ya tambaye ni: shafin gidan rediyon na Facebook. Ni na buɗe shi shekaru shida kafin nan, da adireshin imel ɗina, da lambar salulata. Ni kaɗai na san kalmar sirrinsa. Darakta kansa sai ya turo mini saƙo ni kuma in wallafa.

Kafin mako ya zagayo, wani ɗan kasuwa ya same ni. Ya ce tun da sun ci haƙƙina, in sayar masa da shafin, ya canza masa suna ya riƙa tallar hajarsa. Kuɗin da ya ambata ya haura abin da nake bi. Na kwana uku ina juya maganar, kuma tambayar da ta hana ni barci ita ce nake son mu duba tare: shafin nan na wane ne?

Hujjata ba ta da rauni. Babu wanda ya sa ni buɗe shi. Lokacin da na dawo daga IFTIC a Yamai da takardar shaidar aikin jarida, manyanmu na kallon Facebook a matsayin wasan yara. Da kuɗina nake sayen data, da dare nake amsa saƙonnin masu sauraro, fuskata da muryata ne a bidiyoyin da suka fi jan mutane. In gona ce, ni na sare dajin, ni na yi shuka, ni na yi noma.

Ba ni na fara shiga wannan ruɗani ba. A Amurka, wani ma'aikaci mai suna Noah Kravitz ya bar kamfanin PhoneDog a 2010, ya tafi da shafin Twitter mai mabiya kusan 17,000 bayan ya cire sunan kamfanin daga kai. Kamfanin ya kai shi kotu yana neman dala 340,000, wato dala biyu da rabi kan kowane mabiyi a wata, har wata takwas. A 2012 suka sasanta, ba tare da alƙali ya yanke wane ne mai shafin ba. Abin da ya tsaya mini a rai a wannan shari'a shi ne yadda aka yi wa mutane farashi kamar awaki a kasuwa, kowa na jan igiya, ba wanda ya tambayi mabiyan su wa suke bi.

Nan ne tunanina ya juya. Na buɗe shafin na shiga karanta saƙonnin da suka taru. Wata baiwar Allah na roƙon a yi cigiyar ɗanta da ya ɓata ranar kasuwa. Wani ɗan ci-rani daga Agadas na tambaya ko gaskiya ne an yi rasuwa a unguwarsu. Wani manomi na son sanin farashin tiyar gero. Babu ko ɗaya da ya kira sunana. Duk sunan gidan rediyon suke kira, domin sun saba in ya faɗi magana, haka take. Abin da ɗan kasuwar nan yake son saye ke nan. Shafi kyauta ake buɗe shi, cikin minti biyar zai iya buɗe nasa. Yardar mutane yake nema, kuma yardar nan ba ni aka ba ba, ba kuma darakta aka ba ba. An ajiye ta ne a ƙarƙashin wani suna, ni kuwa mai gadi ne kawai.

Wani zai ce ina kambama abu ƙarami. To, mu duba abin da suna ke iya yi idan ya faɗa hannun da bai dace ba. Ranar 23 ga Afrilun 2013, masu kutse suka shiga shafin Twitter na kamfanin dillancin labarai na AP, suka rubuta cewa an kai hari fadar White House kuma Shugaba Obama ya ji rauni. Cikin ƴan mintoci kasuwar hannayen jari ta Amurka ta yi ƙasa kafin a ƙaryata. Da wani mutum can ne ya rubuta haka a nasa shafin, da ba wanda zai waiwaya. A Afrilun 2015 kuma aka yi wa TV5Monde kutse, tashoshinta suka ɗauke na sa'o'i, aka karɓe shafukanta na sada zumunta aka cika su da farfaganda. Mu a nan, ba sai an kai ga haka ba. Sanarwar ƙarya guda ɗaya kan rikici tsakanin manoma da makiyaya, ɗauke da tambarin gidan rediyon da gari ya yarda da shi, ta isa ta jawo asarar rai.

Saura batun albashina. Shin wanda aka zalunta ba ya da damar riƙe abin da ke hannunsa har a biya shi? Na daɗe a kan wannan, domin ta nan shaiɗan ya fi kusantata. Amsar da na samu ita ce: bashina a kan darakta yake, amma in na sayar da shafin, matar da ke cigiyar ɗanta ce za ta biya. Ba a ƙwace wa makaho sanda don ɗan jagora ya ci maka bashi. Na tuna da Sanmay Ved, wanda a 2015 ya tarar adireshin google.com a kasuwa ya saye shi da dala 12, ya mallake shi na kusan minti ɗaya. Ya sanar da kamfanin abin da ya faru, da aka ba shi tukuici kuma ya ce a kai wa wata gidauniyar ilimi a Indiya. Makulli na iya faɗowa hannunka, amma hakan bai mayar da ɗakin naka ba.

Sai dai ba zan wanke masu kamfanoni ba. Wanda ya bar sunan gidansa a aljihun ma'aikacin da bai biya ba, ya jarrabe shi da abin da bai kamata ba, ya kuma yi sakaci da amanar jama'a. Mai shago ba ya barin yaronsa ya yi rajistar rumfa da sunan kansa, amma a intanet kullum haka ake yi. Gyaran kuma ba tsada. A buɗe kowane shafi da imel da layin waya na kamfani. A sa aƙalla mutum biyu masu cikakken iko, kowa da nasa mashigi, ba kalmar sirri ɗaya da ke yawo a WhatsApp ba. A kunna tabbaci mai mataki biyu. A rubuta ranar da rajistar adireshin intanet za ta ƙare, a sabunta kafin lokaci. Ranar da ma'aikaci ya tafi, a cire shi a ranar. Sama da duka, a rubuta tun farko cewa shafi na kamfani ne, a kuma biya wanda ke wahala a kansa. Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017 da ta yaƙi da laifukan intanet tun 2019, amma doka ba za ta shigo ofishinka ta rubuta maka wannan takarda ba.

A rana ta huɗu na koma. Na ce wa darakta, "Ranka ya daɗe, akwai abin da ban miƙa ba." Na zauna da sakatariya muka buɗe imel na gidan, na ɗora su biyu a kan shafin, na cire lambata da hannuna. Ya yi shiru, sannan ya tambaye ni nawa zai ba ni. Na ce albashina kawai. Wata biyu aka biya ni daga baya, sauran biyun har yau ina jira.

Ba zan ce ban taɓa jin zafin abin ba. Akwai daren da kuɗin haya ya matsa, na tuna tayin ɗan kasuwar nan. Yanzu ina wani gidan rediyon, kuma ranar da na kama aiki, kafin in tambayi lokacin shirina, na tambayi da lambar wa aka buɗe shafinsu. Aka duba. Ta wani tsohon ma'aikaci ce da ya koma Kano shekaru uku da suka wuce.