Wahalar Da Muka Saya Da Kuɗinmu

Masu iya magana sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba. Gaskiya ne. Amma akwai kuma abin da yaro kan tsinta a gindin rimin, wanda babba ya tsallake saboda idonsa na can nesa. Irin wannan ne ya same mu a kakar bara, shi ne kuma dalilin wannan ɗan rubutu.

Mu uku ne magidanta, abokan juna tun muna makaranta, dukkanmu mazauna birni. Muka lura 'ya'yanmu ba su san inda gero yake fitowa ba in ban da buhu, ƙaramar cikinsu ma ta ɗauka a gwangwani aka halicci madara. Sai muka yanke shawarar idan an ba su hutun tsakiyar zango mu kwashe su zuwa rugar kawun ɗayanmu, wanda kowa ke kira Baffa, a gefen wani ƙauye a ƙasar Bauci, mu yi kwana uku. Muka tashi da yara bakwai cikin mota biyu, da tanti guda da muka aro, da tabarmi da gidan sauro da tocila. Wurin babu lantarki, babu famfo, babu shadda, waya ma ba ta kamawa sai an hau wani tudu. Abin da ke akwai shi ne bukkoki huɗu, da rumbu biyu, da garken shanu, da rijiya mai ɗan nisa, sai kuma karnuka biyu, ja da baƙi.

A rana ta biyu da la'asar sakaliya, ana ɗaure maruƙa a dangwali, sai muka ji 'yar ɗayanmu mai shekara shida tana tambayar jikan Baffa, sa'anta: "Mu jibi za mu koma gida. Ku yaushe za ku koma gida?" Yaron ya dube ta, ya dubi bukkoki, ya ce, "Ai nan ne gida."

Muka yi dariya kamar yadda manya kan yi. Amma da dare ya yi muka zauna a bakin wuta, dariyar ta ƙi dawowa. Yarinyar ba ta yi ƙarya ba, abin da muka koya mata ta faɗa. Mu muka ce mata za mu je mu "sha 'yar wahala" mu dawo, ita kuwa ta ɗauka duk wanda ta tarar a wurin wahalar ya zo sha, zai kuma koma. To, tambayar da muka kwana da ita, wadda muke so mai karatu ya taya mu dubawa, ita ce: shin ya dace mutum ya mai da rayuwar wani wurin hutunsa? Wahalar da muka saya da kuɗin manmu, darasi ce ko kuwa izgili?

Kwana a daji don nishaɗi ba tsohuwar al'ada ba ce ko a wurin waɗanda muka kwaikwaya. A Ingila ƙidayar 1851 ta nuna mazauna birane sun zarce mazauna karkara, kuma bayan haka ne birni ya fara gundurar mutanensa. A 1901 wani tela mai suna Thomas Hiram Holding ya kafa ƙungiyar masu yawo a keke suna kwana a tanti, ya kuma fitar da littafin koyar da abin a 1908. A 1907 Baden-Powell ya kai yara kusan 20 tsibirin Brownsea suka yi sansani, daga nan ƙungiyar Sikawut ta samo asali. A Amurka kuwa Henry David Thoreau ya gina 'yar bukka a bakin tafkin Walden a 1845, ya zauna shekara 2 da wata 2, ya rubuta littafin da har yau ake karantawa. Amma garinsu Concord bai kai mil 2 daga bukkar ba, kuma yakan taka ya shiga gari in ya so. Wato dai tun asali, wanda ke da gida mai rufin kirki shi ke marmarin kwana a waje.

Mu kuwa kakanninmu sun san zango tun kafin wannan, amma ba don hutu ba. Fataken da ke bin hanyar Gwanja sayen goro watanni suke yi a bayan madugu, duk inda rana ta faɗi nan za a sauke jakuna, shi ya sa har gobe ake kiran unguwannin Hausawa a Kumasi da Ankara da sunan Zango. Alhazan da suka ratsa Cadi da Sudan a ƙasa shekaru wasunsu suka yi a hanya. Gardin da ya fita kiskadi da allonsa, da makiyayin da ya tafi mashekari, da ɗan cin rani, kowannensu lalura ce ta fitar da shi. A zamaninmu kuma an sami wani irin zangon da ya fi duka ɗaci: rikicin da ya ɓarke a arewa maso gabas a 2009 ya raba mutum fiye da miliyan 2 da gidajensu, yara da yawa a tanti aka haife su, a tanti suka yi wayo. Tantin da muka aro don nishaɗi, da nasu, kusan ɗinki ɗaya ne.

Wannan ita ce hujjar mai cewa izgili muka je yi, kuma hujja ce mai nauyi. Wahalar da makullin mota ke aljihun mai shan ta ba wahala ba ce, ɗanɗano ne. Abin da ke sa rashin famfo ya zama talauci ba nisan rijiya ba ne, sanin cewa gobe ma haka, baɗi ma haka. Wannan sanin kuwa ba a saye shi da kwana uku. Bugu da ƙari, da muka zauna muka yi lissafi sai muka ga ba mu ne muka sha wahalar ba. Inna, uwargidan Baffa, da surukarta su suka ninka zuwa rijiya, domin ruwan da yaranmu suka ɓarar wajen wanke hannu da ƙafa a yini ɗaya ya isa gidan yini biyu. Nonon da aka dama mana fura da shi, shi ne wanda da an kai kasuwa an sayo gishiri da sabulu. Zakaru biyu aka yanka saboda mu. Mu muka zo neman wahala, masu gida suka ɗauke mana ita, muka kuma dawo birni muna ba da labarin jarumtakarmu.

Amma fa mai cewa darasi ne shi ma yana da abin faɗa. Gani ya kori ji. Yaron da ya ja guga da hannunsa har igiya ta yi masa kanta ya san nauyin ruwa, sanin da faɗan uwa na shekara goma bai ba shi ba. Babban cikin yaranmu, wanda a gida sai an yi da gaske yake ɗauke kwanon da ya ci abinci, mun gan shi yana rigima da 'yan uwansa a kan wanda zai kai wa maruƙa dusa. Sun ga taurari ba tare da hasken lantarki ya dushe su ba, sun ji shiru irin wanda ba su taɓa ji ba. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Idan ba za a kai yaro ƙauye ba sai ya zama ɗan ƙauye na dindindin, to, ke nan an yanke masa hukuncin kada ya san asalinsa ko kaɗan, wannan kuwa ba gata ba ne ga kowa, har su mutanen ƙauyen.

Mun daɗe muna jujjuya waɗannan hujjoji biyu ba mu ga wadda ta kada 'yar uwarta ba, sai da muka tuna da zancen karnuka.

Tun saukarmu daga mota yaranmu suka tsinci duwatsu. Ba wanda ya ce su yi, haka suka ga ana yi a unguwa. Tsoron nasu kuma ba na banza ba ne: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta ciwon haukan kare na kashe mutum kusan 59,000 a shekara, akasarinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Shi ya sa muka gargaɗe su kada su taɓa karen da ba su sani ba, muka kuma shirya cewa in an sami cizo za a wanke wurin da ruwa da sabulu na minti 15 a garzaya asibiti. Amma tsoro daban, jifa daban. Baffa bai yi musu faɗa ba, cewa kawai ya yi, "Jikokina, ku ajiye. Ba su yi muku komai ba, kuma su ma 'yan gidan nan ne."

A daren ƙarshe bayan isha'i, baƙin karen ya tsaya a kan 'yar hanyar da yaran ke bi su zagaya, ya dinga haushi ba ƙaƙƙautawa, ya ƙi matsawa. Da aka haska tocila sai ga kububuwa a naɗe, taku kaɗan daga bakin tantinmu. Duk wanda ya san ƙasar Bauci da Gwambe ya san wannan maciji, da yadda yake cika asibitin Kaltungo da manoma a lokacin girbi. Kashegari yaran da suka zo da duwatsu su ne ke rububin ba karen sauran tuwo.

A nan ne muka so mu rufe labarin da farin ciki, mu ce yara sun koyi darasi. Sai ɗayanmu ya ce, wane darasi? Abin da suka koya shi ne a daina jifan kare saboda yana da amfani. Da macijin bai fito ba fa? Baffa ai tun kafin maciji ya ce su ajiye dutse, kuma dalilin da ya bayar shi ne ba su yi musu komai ba. Mu da muka tashi a kan mazhabar Malikiyya mun karanta cewa kare mai rai ba najasa ba ne a karan kansa, an kuma halatta riƙe shi don kiwo da gona da farauta. Mun kuma san labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa a bakin rijiya, karen da bai taɓa yi masa gadin komai ba. Haƙƙi yana gaban amfani. Wanda bai san haka ba, godiyarsa ciniki ce kawai.

Allah Ya kiyaye mu kwatanta mutum da dabba. Amma zuciyar da ke auna kare da amfaninsa ita ce dai ke auna mutane da shi, kuma a nan muka gane inda tambayarmu ta karkace. Ba kwana a ruga ba ne abin tuhuma, abin tuhuma shi ne matsayin da muka ba mutanen rugar. Idan mun je ne don su zama allon da za mu koya wa 'ya'yanmu godiya, mu ce "kun ga yadda wasu ke rayuwa", to mun mai da su kayan aiki, kuma izgili ne ko da da hawaye muka yi shi. Idan kuwa mun je ne a matsayin baƙi wurin masu gida, waɗanda suka fi mu sanin ruwa da ƙasa da dabba, waɗanda ke da haƙƙi a kanmu ko sun amfane mu ko ba su amfane mu ba, to zumunci ne. Ɗan kallo yana tafiya ya bar kallo a inda ya same shi. Baƙo kuwa da bashi yake tafiya.

Ba mu daɗe ba aka zo karɓar bashin. Cikin hunturu Inna ta kwanta rashin lafiya, aka turo su babban asibiti a birni, ita da Baffa da surukarta da wannan jikan nasa. Za mu faɗi gaskiya ko da ba ta yi mana daɗi ba: da wayar ta iso, abin da ya fara zuwa zukatanmu shi ne ɗakin wa za a ba su, kwana nawa za su yi, kuma wa zai bar aikinsa ya yi ta jigila. Mutanen da suka ba mu kwana uku ba tare da sun tambaye mu ranar tafiya ba, mu tun ba su iso ba muna lissafin ranar komawarsu. Mun sauke su, mun yi abin da ya sawwaƙa, Allah Ya ba ta lafiya bayan mako biyu. Amma mun san abin da muka ji a ranmu, kuma mun san ba a bakin wutar ruga aka jarraba mu ba, a ƙofar gidajenmu ne.

Saboda haka, 'yan uwa, ga wanda ke da niyyar kai 'ya'yansa irin wannan zango, ba mu ce kada ya je ba, matuƙar hanya na da aminci, domin dazuzzuka da yawa a yau ba sa shiguwa. Ya je, amma ya riƙe wa masu gida gishiri da sabulu da man girki, ya ja nasa ruwan da kansa, ya kwashe ledojinsa kada saniya ta haɗiya. Kada ya ce wa yaro za a je shan wahala, ya ce masa za a je gaishe da Baffa. Ya kuma sani ranar da ya shimfiɗa tabarmarsa a ƙofar bukkar wani, ya buɗe ƙofar gidansa ke nan.

Ranar da za su koma, yarinyar nan ta riƙe hannun jikan Baffa har bakin mota. Muka ji tana ce masa, "In kun je gida ka gaishe da baƙin karen." Gida ta ce. Allah Ya sa mu ma manyan mu kai inda ta kai.